GUGLIELMO MARCONI: Mutumin Da Ya Ɗora Wa Iska Saƙo

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a kan mita 31 ko mita 49, ko kuma ya ɗauki wayar hannu ya kira ɗan'uwansa da ke wata ƙasa, to, ya ci gajiyar aikin Guglielmo Marconi, mutumin ƙasar Italiya wanda ya rasu a shekarar 1937. Ba shi ne ya gano igiyoyin lantarkin da ke ɗaukar saƙo cikin sarari ba, amma shi ne ya fito da su daga ɗakin gwajin masana, ya mai da su abin aiki da abin ciniki. Tarihinsa kuwa yana da fuska biyu. Ta ɗaya ita ce ta mai hazaƙa wanda ya haɗa nahiyoyi ba tare da ya shimfiɗa waya ba. Ta biyu ita ce ta ɗan kasuwa wanda ya so iska ta zama gonar kamfaninsa shi kaɗai, har sai da ƙasashen duniya suka taru suka kafa ƙa'idar da za ta hau kan kowa. Daga wannan ja-in-ja ne ƙa'idojin wayar iska suka samo asali.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Marconi a birnin Bologna ranar 25 ga watan Afrilu, 1874. Mahaifinsa, Giuseppe, attajiri ne mai gonaki, mahaifiyarsa kuwa, Annie Jameson, mutuniyar ƙasar Ailan ce daga wani gidan masu arziki. Saboda haka yaron ya tashi da harshe biyu, Italiyanci da Turanci, abin da ya yi masa rana daga baya. Bai sami digirin jami'a ba. Mafi yawan karatunsa a gida ya yi shi a hannun malaman haya, sa'an nan ya riƙa zuwa wurin Augusto Righi, shehun malamin kimiyya na Jami'ar Bologna, wanda ya bar shi yana sauraren lacca yana kuma shiga ɗakin gwaji.

Tun cikin shekarun 1860 wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya nuna ta hanyar lissafi cewa akwai waɗansu igiyoyin lantarki marasa ganuwa da ke yaɗuwa cikin sarari da saurin haske, kamar yadda ruwa ke yin zobe-zobe in an jefa dutse cikin kududdufi. A tsakanin 1887 da 1888 Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da wannan da gwaji. Da Hertz ya rasu a 1894, sai aka yi ta rubuce-rubuce a kan aikinsa, Marconi kuma, yana ɗan shekara 20, ya karanta. Tunanin da ya zo masa mai sauƙi ne: tun da ana aika tangaraho da ɗigo da ja bisa tsarin Morse ta cikin waya, me zai hana a aika su ta waɗannan igiyoyi?

A benen gidan gonar mahaifinsa, Villa Griffone, ya haɗa kayan aikinsa daga abubuwan da waɗansu suka riga suka ƙago. Akwai na'ura mai fid da tartsatsin lantarki irin ta Hertz, da kuma ɗan bututun gilashi mai garin ƙarfe a ciki, ƙirar Bafaranshe Edouard Branly, wanda ke barin lantarki ya wuce da zarar igiyar ta taɓa shi. Dabarar da ya ƙara ita ce ya ɗaga waya sama a matsayin eriya, ya kuma binne ɗaya gefen cikin ƙasa. Nan take nisan da saƙo ke kaiwa ya ƙaru. A 1895 ya aika alama ta ƙetare wani tudu, nisan wajen kilomita 2, inda wansa Alfonso ya harba bindiga don shaida cewa ta iso.

TAFIYA INGILA

A watan Fabrairu, 1896, Marconi da mahaifiyarsa suka nufi Landan. Dalilin zaɓen Ingila a fili yake: ita ce ta fi kowace ƙasa yawan jiragen ruwa a wancan zamani, jirgi kuwa da zarar ya ɓace wa ido daga gaɓa, babu mai sake jin ɗuriyarsa sai ranar da ya sauka. A watan Yuni na shekarar ya nemi takardar shaidar mallakar ƙirƙirarsa, ya kuma sami goyon bayan William Preece, babban injiniyan Ma'aikatar Gidan Waya ta Ingila. A watan Mayu, 1897, ya aika saƙo bisa ruwa a mashigin Bristol, a cikin 'yan kallo kuwa har da wani farfesa Bajamushe, Adolf Slaby, wanda ya koma gida ya shiga ƙera irin tasa na'urar. A watan Yuli aka kafa kamfanin Marconi da kuɗin dangin mahaifiyarsa, a 1898 aka buɗe masana'anta a garin Chelmsford, a watan Maris na 1899 kuma saƙo ya ƙetare tekun da ya raba Ingila da Faransa.

Babbar matsalar na'urorin farko ita ce hayaniya. Tartsatsi ba ya tsayawa a zango guda, saboda haka in tashoshi biyu suka yi magana lokaci ɗaya, sai saƙonninsu su cakuɗe, kamar mutum biyu suna shela a kasuwa guda. A 1900 Marconi ya sami shaidar mallaka mai lamba 7777 a kan hanyar daidaita mai aikawa da mai karɓa bisa zango ɗaya. Murɗa rediyo don neman tasha daga irin wannan dabara ya samo tushe.

Sa'an nan ya ɗauko abin da masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. A ganinsu igiyar a miƙe take tafiya, duniya kuwa kewayayya ce, don haka saƙo ba zai yi nisa ba zai bi sararin sama ya ɓace. Marconi ya gina babbar tasha a Poldhu, a kudu maso yammacin Ingila, shi kuma ya tafi St. John's a tsibirin Newfoundland, ya sa iska ta ɗaga masa eriya sama. Ya ba da sanarwar cewa ranar 12 ga Disamba, 1901, ya ji ɗigo uku na harafin S daga nisan wajen kilomita 3,500. Da yake da kunne kawai aka ji, mutane da dama sun yi shakka. Amma a watan Fabrairu, 1902, a cikin jirgin ruwa mai suna Philadelphia, na'ura ta rubuta masa saƙonni bisa takarda daga nisan fiye da mil 1,500, ya kuma lura cewa saƙo ya fi nisa da dare a kan rana. A wannan shekara Oliver Heaviside da Arthur Kennelly suka yi bayanin cewa akwai wani rufi na iska mai lantarki can sama wanda ke maido da igiyar ƙasa. A watan Oktoba, 1907, aka fara aika saƙonnin jama'a a kan kuɗi tsakanin Clifden ta ƙasar Ailan da Glace Bay ta Kanada.

RIKICIN ƘA'IDA

A nan ne fuska ta biyu ta bayyana. Kamfanin Marconi ya fi son ya ba jiragen 'yan kasuwa hayar na'ura tare da ma'aikacin da zai buga ta, wanda ke karɓar albashi da umurni daga kamfanin. Umurnin kuwa shi ne kada a karɓi saƙo ko a amsa wa duk wata tasha da ke aiki da na'urar wani kamfani, sai fa in rai na cikin haɗari. A 1901 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da Lloyd's, babbar cibiyar inshorar jiragen ruwa ta Landan, cewa tashoshinta na gaɓar teku da kayan Marconi kaɗai za su yi aiki. Hujjar kamfanin ita ce shi ya kashe dukiya ya gina tashoshin, don haka bai ga dalilin da zai sa wani ya zo ya ci bulus ba. Amma sakamakon shi ne duk mai jirgin da ke son a ji shi, dole ya bi ta ƙofar Marconi.

A 1902 Yarima Heinrich, ƙanen Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, yana komowa daga ziyara a Amurka cikin jirgin Deutschland mai na'urar Slaby, ya so ya aika wa Shugaba Theodore Roosevelt saƙon godiya, amma saƙon bai sami shiga ta tashar Marconi ba. Jamusawa suka ɗauki wannan a kan wulaƙanci. A 1903 suka haɗe kamfanoninsu biyu suka kafa Telefunken, suka kuma kira taron share fage a Barlin cikin watan Agusta. Ingila da Italiya, inda Marconi ke da ƙarfi, suka ƙi sakin jiki da shawarar taron.

A 1906 aka sake taruwa a Barlin, ranar 3 ga Nuwamba kuma ƙasashe 27 suka sa hannu a kan yarjejeniyar wayar iska ta farko a duniya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1908. Abubuwa huɗu ne ƙashin bayanta. Na farko, wajibi ne tashar gaɓa da jirgi su karɓi saƙon juna ko da wace irin na'ura suke aiki. Na biyu, an keɓe zangon mita 300 da na mita 600 don saƙonnin jama'a a teku, domin kowa ya san inda zai nemi kowa. Na uku, kafin ma'aikaci ya yi kira, sai ya saurara tukuna ya tabbata tashar da yake nema ba ta cikin magana da wani. Na huɗu, an amince da alamar neman agaji guda ɗaya, watau ɗigo uku, ja uku, ɗigo uku, wadda aka sani da SOS. Duk da haka an bar giɓi, domin Ingila da Italiya ba su yarda a tilasta wa jirgi amsa wa jirgi ba, ma'aikatan Marconi kuma suka ci gaba da amfani da tasu alamar, CQD.

A watan Janairu, 1909, jirgin Republic ya yi karo da wani jirgi cikin hazo kusa da gaɓar Amurka, ma'aikacin wayarsa Jack Binns ya yi ta kiran agaji har aka ceci mutum fiye da 1,500. A ƙarshen shekarar aka ba Marconi lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyya, tare da Bajamushe Karl Ferdinand Braun.

DAREN TITANIC

Daren 14 ga Afrilu, 1912, jirgin Titanic ya daki dutsen ƙanƙara a Tekun Atilantika. Ma'aikatan wayarsa biyu, Jack Phillips da Harold Bride, na kamfanin Marconi ne, suka yi ta buga CQD da SOS. Jirgin Carpathia, wanda ke nisan mil 58, ya ji kiran ya taho, ya tsamo mutum wajen 700. Fiye da 1,500 suka halaka. Jirgin Californian ya fi kusa ƙwarai, amma ma'aikacin waya ɗaya tak gare shi, shi kuwa ya riga ya kashe na'ura ya kwanta. Kafin ya kwanta ya yi ƙoƙarin faɗa wa Titanic cewa ƙanƙara ta tsai da su, amma Phillips, wanda saƙonnin fasinjoji suka yi wa yawa, ya katse shi don ƙarar na'urarsa na hana shi jin tashar gaɓa.

Duniya ta yaba wa Marconi saboda waɗanda suka tsira, amma binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna cewa na'ura ba ta wadatar in babu dokar da ta ce wa zai saurara, a wane zango, kuma a wane lokaci. Gani ya kori ji. A taron da aka yi a Landan cikin Yuni da Yuli na 1912, kamfanin Marconi ya janye adawarsa, aka wajabta wa kowane jirgi amsa wa kowane jirgi ba tare da duban irin na'ura ba, aka kuma tsara lokutan sauraro. Amurka ta yi dokar da ta tilasta karɓar lasisi, ta kuma tura masu wasa da rediyo don sha'awa zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, wanda a lokacin ake ganin ba shi da wani amfani. A 1914 aka ƙulla yarjejeniyar farko ta kiyaye rayuka a teku.

Shekarar 1912 ba ta yi wa Marconi daɗi ba ta waɗansu fuskoki. A watan Satumba ya rasa idonsa na dama a haɗarin mota, sa'an nan sunan kamfaninsa ya shiga bakin duniya sa'ad da ta bayyana cewa waɗansu ministocin Ingila, har da David Lloyd George, sun sayi hannun jari a reshensa na Amurka alhali gwamnati na shirin ba kamfanin babbar kwangila. Shi kansa ba a same shi da laifi ba.

GAJEREN ZANGO

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya fasahar ta sake kama. Fitilar lantarki ta cikin rediyo, wadda John Ambrose Fleming, mashawarcin kamfanin, ya ƙago irinta ta farko a 1904, ta kori tartsatsi, ta kuma sa aka iya aika murya da kiɗa. A watan Yuni, 1920, aka watsa muryar mawaƙiya Nellie Melba daga Chelmsford, a 1922 kuma kamfanin Marconi na cikin waɗanda suka haɗu suka kafa BBC.

Shekara da shekaru Marconi ya yi imani cewa sai da dogon zango na dubban mitoci, da dogayen turaku, da wutar lantarki mai yawa ake kai saƙo nesa. Da ya ga alamar ba haka ba ne, bai ji kunyar juyawa ba. A 1923 ya shiga jirgin ruwansa mai suna Elettra, wanda ya mayar ɗakin gwaji, ya gangara har tsibiran Kef Bade da ke yammacin Afirka yana sauraren Poldhu a kan mita 97, injiniyansa Charles Franklin kuma yana tattara igiyar wuri guda kamar hasken tocila. Sakamakon ya nuna cewa gajeren zango, da wuta kaɗan, yana zuwa inda dogo ke zuwa da wuta mai yawa. Tsakanin 1926 da 1927 aka haɗa Ingila da Kanada, Ostareliya, Afirka ta Kudu da Indiya ta wannan hanya, cikin araha har kamfanonin wayar ƙarƙashin teku suka rasa yadda za su yi sai haɗewa da sashen sadarwa na Marconi a 1929. A kan gajeren zangon nan ne BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje a 1932, a kansa ne kuma Sashen Hausa ya fara isa kunnen masu sauraro a 1957.

Yawan tashoshi ya sake tilasta zama. A taron Washinton na 1927 aka yanka zanguna aka raba wa kowane irin aiki nasa, na jiragen ruwa daban, na watsa labarai daban, na masu sha'awa daban. A taron Madrid na 1932 aka haɗe yarjejeniyar tangaraho da ta wayar iska ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ta zama reshen Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947.

SIYASA DA RASUWA

Marconi ya zama ɗan majalisar dattawan Italiya a 1914, ya kuma wakilci ƙasarsa a taron sulhu na Faris a 1919. A 1923 ya shiga jam'iyyar Fasist ta Benito Mussolini, wanda a 1930 ya naɗa shi shugaban Majalisar Masana ta Italiya, muƙamin da ya ba shi kujera a babbar majalisar jam'iyyar. A 1935, sa'ad da Italiya ta auka wa ƙasar Habasha, Marconi ya fito fili ya goyi bayan mamayar. Wannan tabo ne da hazaƙarsa ba ta wanke ba. A shekarun nan ne kuma ya gina wa fadar Paparoma gidan rediyo, wanda aka buɗe a watan Fabrairu, 1931, ya kuma koma gwaji da zangon da bai kai mita ɗaya ba.

Ya yi aure sau biyu, da Beatrice O'Brien a 1905, sa'an nan da Maria Cristina Bezzi-Scali a 1927. Ciwon zuciya ya kashe shi a birnin Rum ranar 20 ga Yuli, 1937, yana da shekara 63. Kashegari tashoshin wayar iska a ƙasashe da dama suka yi shiru na minti biyu don girmama shi. A 1943 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke muhimman sassa na shaidar mallakarsa ta daidaita zango a ƙasar, bisa hujjar cewa Oliver Lodge, Nikola Tesla da John Stone Stone sun riga shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Rikicin da aka yi da Marconi ya sake maimaituwa a kowane sabon zamani. Wayoyin hannu na farko a shekarun 1980 kowace ƙasa da nata tsari: Amurka na da AMPS, Ingila na da TACS, ƙasashen arewacin Turai na da NMT, wayar wannan kuwa ba ta aiki a ƙasar wancan. A 1987 ƙasashen Turai suka amince da tsari guda, GSM, wanda ya fara aiki a 1991. Da yake masana'antu da yawa suna ƙera kaya bisa ma'auni ɗaya, sai farashi ya faɗi, shi ya sa sa'ad da tsarin ya iso Nijeriya a watan Agusta, 2001, ya bazu cikin 'yan shekaru. Daga baya aka sami 3G, da 4G, da 5G, kowanne ya fi na gabansa saurin ɗaukar bayanai.

Haka ma wajen haɗa kwamfutoci ba tare da waya ba. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe waɗansu zanguna don amfanin kowa ba tare da lasisi ba, a 1997 kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fid da ƙa'ida mai lamba 802.11, mai saurin megabit 2 a sakan. A 1999 aka sami reshe biyu: 802.11b mai megabit 11 a kan gigahaz 2.4, watau zangon wajen santimita 12, da 802.11a mai megabit 54 a kan gigahaz 5. Bambancinsu shi ne na farkon ya fi ratsa bango da kaiwa nesa amma cunkoso ya yi masa yawa, na biyun kuwa ya fi sauri da sarari amma ba ya nisa. A shekarar ne kamfanoni suka kafa ƙungiyar da ke gwada kayan kowa don tabbatar da cewa suna jin maganar juna, ita ce ta raɗa sunan Wi-Fi. A 2003 802.11g ya kawo megabit 54 a kan gigahaz 2.4, a 2009 802.11n ya zo da eriya fiye da ɗaya masu aiki tare, a 2013 802.11ac ya haura megabit 1,000, sa'an nan Wi-Fi 6 ya mai da hankali ga wuraren da na'urori suka yi yawa, Wi-Fi 7 kuma ya biyo baya a 2024. Shi kuwa Bluetooth an yi shi ne don 'yar tazara ta wajen mita 10, da cin batir kaɗan.

Ƙa'idojin nan sun sha bamban wajen zango, da sauri, da nisa, da kuma ko ana bukatar lasisi, amma sharuɗɗan da aka rubuta a Barlin a 1906 suna nan cikinsu. Na'urar Wi-Fi takan saurara tukuna ta tabbata fili ba kowa kafin ta yi magana, kamar yadda aka umurci ma'aikacin jirgin ruwa, kuma takan amsa wa kowace na'ura da ta bi ƙa'ida ba tare da tambayar wanda ya ƙera ta ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne wanda kamfanin Marconi ya yi shekara goma yana yaƙa, kuma da shi ne ƙirƙirar Marconi ta kai ga hannun talaka.